Baban 'yata na so ya cire ta daga kwaleji a Maraɗi ya kai ta sakandare a Katsina

Assalamu alaikum Anti. Ni mutuniyar Maraɗi ce. Na auri wani ɗan kasuwa Bakatsine, muka haifi 'ya mace ɗaya, aure ya ƙare tana ƙarama, na dawo gida da ita, kuma ban sake aure ba. Yanzu shekararta 14, ta gama aji na uku na kwaleji, wanda muke ce wa 4e, saura shekara guda ta zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji. Tana da ƙoƙari, makinta na ƙarshen shekara bai taɓa sauka ƙasa da 13 cikin 20 ba, lissafi ne ƙarfinta, kuma tun tana ƙarama likita take cewa za ta zama. Babanta, tsakani da Allah, bai taɓa fashin aiko kuɗin makaranta da na sutura ba. To da hutun nan ya kira ni ya ce in shirya ta, a watan Satumba za ta koma Katsina ta shiga SS1, ajin farko na babbar sakandare, ta zauna wurin matarsa. Ya ce 'yar Najeriya ce, Faransanci ya gama yayi ko a Nijar, Turanci da WAEC su ne gaba. Yayana kuma ya ce kada in yarda, karatun Nijar ya fi ƙwari, can satar amsa ake yi. Turancin yarinyar na aji ne kawai. Na tambaye ta, ta ce duk yadda muka ce, amma tun ranar ba ta cin abinci sosai. Ina tsoron in hana in tauye ta, ina tsoron in bari in rasa ta. Wane karatu ne ya fi, kuma yaya zan yi da babanta?

Wata uwa daga Maraɗi

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah Ya raya miki ita, Ya saka miki da alheri a kan riƙon da kika yi. Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne abincin da yarinyar ta rage ci. Wadda ta ce "duk yadda kuka ce" tana da abin faɗa, kunya da tsoron ɓata wa ɗayanku rai ne suka rufe mata baki, kuma za mu zo kanta. Amma bari mu fara da biro da takarda, domin in aka ƙirga shekarun karatun nan a natse, rabin rigimar zai kwanta da kansa.

A Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare, daga CI zuwa CM2, sai shekara 4 a kwaleji, daga 6e zuwa 3e, ya zauna BEPC. Daga nan shekara 3 a lise, wato babbar sakandare, ya zauna BAC, jarrabawar da ke kai shi jami'a. Shekara 13 ke nan. Najeriya tana kan tsarin da ake kira 6-3-3-4 tun farkon shekarun 1980: firamare 6, ƙaramar sakandare 3 da ake rufewa da jarrabawar BECE, babbar sakandare 3 da ake rufewa da WAEC ko NECO, sannan jami'a. Shekara 12 ke nan kafin jami'a. Wato tsanin biyu ba su da matakala ɗaya. Na Najeriya yana da gaɓa a shekara ta 9, na Nijar a shekara ta 10.

'Yarki ta yi 6 da 3, tara ke nan, daidai da ɗan Katsinan da ya gama JSS3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Daga nan babanta ya samo SS1, kuma a ƙidaya bai yi kuskure ba. Sai dai ɗan Katsina yana shiga SS1 da takardar BECE a hannunsa da Turancin shekara tara a kunnensa. Ita za ta iso ba BECE, ba BEPC. Duk shugaban makarantar da ya san aikinsa zai yi mata gwaji, kuma abin da ya fi kusa shi ne ya ce ta zauna JSS3 tukuna. In haka ta faru, shekara 1 da shekara 3, saura shekara 4 ta gama. To ki duba sauran hanyoyin. In ta zauna Maraɗi ta yi 3e ta ci BEPC, sannan ta tafi SS1 baɗi, shekara 4 ne. In ta zauna har BAC, shekara 4 ne. Hanyoyi uku duk shekara ɗaya suke kai ta bakin jami'a, tana 'yar shekara 18. Hanyar babanta kaɗai ce ke rage shekara guda, kuma ita ce ta fi kowacce haɗari. Ba ma wata gaggawa da ke korar ku, tun da shekara 16 ce mafi ƙarancin da ake nema don shiga jami'a a Najeriya, ba wanda zai ce mai 18 ta makara.

Ga inda haɗarin yake, kuma wannan ne mutane da yawa ba sa lura da shi. Ƙasashen biyu ba sa auna ɗalibi da mudu ɗaya. A wajenku kowace fanni tana da nauyinta, ana ninka maki da wannan nauyin, a haɗa duka, a raba, in ɗalibi ya kai 10 cikin 20 ya wuce. Saboda haka yarinya mai ƙarfi a lissafi, lissafin yana rufa mata asiri a inda take da rauni. A WAEC da NECO kowace fanni ita kaɗai take tsayawa, daga A1 zuwa F9, kuma C6 ne ƙarshen abin da ake kira kiredit. Jami'a tana neman kiredit 5, Turanci a ciki, a zama ɗaya ko biyu. Mai son likitanci sai ta kawo Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Ko ta ci A1 a huɗun, in Turanci ya faɗi D7, ƙofa ta rufe har sai ta sake zama. Bayan wannan ga jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, a kwamfuta, darussa 4, maki 400, kuma nan ma Turanci dole ne. Yaran da aka haifa a Katsina da Kano, waɗanda tun firamare da Turanci ake koya musu, Turancin nan ne ke kayar da da yawansu kowace shekara. Balle wadda ta fara shi a 6e, 'yan sa'o'i a mako.

Kada ki ɗauka lissafi zai cece ta tun ranar farko don lamba lamba ce. A littafinta na Maraɗi uku da rabi 3,5 ne, da waƙafi. A allon Katsina 3.5 ne, da ɗigo, waƙafin kuma dubbai yake rabawa. Yadda ake shimfiɗa dogon rabawa a takarda daban ne. Sunayen sinadarai, da sassan jiki, da kusurwoyi, duk sai ta sake haddace su. Waɗannan yarinya mai kaifi za ta kama su cikin 'yan watanni. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne tambayar da aka rubuta da dogon Turanci, wadda ta san amsarta sarai amma ba ta gane abin da ake nema ba. Kuma SS1 ba ajin jira ba ne. A nan ake raba 'yan kimiyya da 'yan sauran fannoni, kuma makin gwaje-gwajen aji da ake tura wa WAEC tun daga nan ake fara tara shi. Yarinyar da ta saba zama a sahun gaba, a wayi gari tana can ƙasan jeri saboda harshe, a gidan da ba ta saba ba, ba uwa kusa, ba ƙaramin abu ba ne a shekara 14. Wasu yaran suna jurewa su farfaɗo. Wasu kuwa daga nan suke yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da ƙwaƙwalwa, ba sa sake ɗagowa.

Ba zan ɓoye miki ba, tafiya yanzu a shiga JSS3 tana da nata amfanin. Shekara ce guda ta nutsewa cikin Turanci a ajin da darussansa ba za su yi mata nauyi ba, ta fito da BECE, ta shiga SS1 da ƙafar dama. In da an riga an tabbatar cewa rayuwarta gaba ɗaya a Najeriya za ta kasance, da na ce wannan hanya ba laifi. Amma ba a tabbatar ba. Uwarta tana Maraɗi, danginta na uwa suna Maraɗi, ba wanda ya san inda aure ko aiki zai kai ta. In ta tafi yanzu, shekara 9 na karatun Faransanci sun tafi ba takardar shaida ko ɗaya ta sakandare. In zaman Katsina bai yi daɗi ba ta dawo bayan shekara ɗaya ko biyu, sai ta tarar ƙawayenta suna lise, ita kuma sai ta koma 3e da Faransancin da ya fara tsatsa. In kuwa BEPC tana hannu, ƙofar lise a buɗe take, haka makarantun koyon sana'a da dama da ke karɓar ɗalibai da ita. Rake a gaɓa ake karya shi. Shawarata ke nan a taƙaice: ta gama 3e, ta zauna BEPC, a yi amfani da shekarar nan a gina mata Turanci, sannan a yanke maganar Katsina. Kalandar ma ta ba da dama, domin ana yin BEPC ne wajen ƙarshen Yuni ko Yuli, makarantun Najeriya kuma a Satumba suke buɗe sabuwar shekara.

Maganar babanta cewa Faransanci ya gama yayi tana da tushe, kada ki yi masa gardama a kanta kai tsaye. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin da hukumomin soja suka fitar a wannan watan ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ya ji wannan a rediyo, kamar yadda muka ji. Amma sanarwa daban, aji daban. Littattafan da ke jakar 'yarki, da malaman da ke koya mata, da takardun jarrabawa, da laccocin jami'a, da Faransanci suke, kuma sauya waɗannan aikin shekaru ne. Najeriyar ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 2022 aka ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 aka soke. A 2024 aka ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, kafin shekarar ta ƙare aka dawo 16. A Fabrairun 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya kawo shawarar a haɗe firamare da sakandare su zama shekara 12 a jere, gari ya ɗauka an soke JSS da SS, sai da ma'aikatar ta fito ta ce shawara ce kawai. Wanda zai riƙa cire ɗansa daga makaranta duk lokacin da minista ya yi magana, ɗan ba zai gama aji ɗaya ba. Kuma ki tuna masa a hankali cewa Najeriya ƙasashe masu Faransanci ne suka kewaye ta, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru. Yarinyar da ta iya Hausa da Faransanci, ta ƙara da Turanci, ta riƙe abin da 'yan ajinta na Katsina za su biya kuɗi su nema.

Yayanki kuma ki ce masa ya sassauta. Gaskiya ne akwai satar amsa a Najeriya, akwai wuraren da iyaye ke biya don a rubuta wa 'ya'yansu, kuma hukumomin jarrabawar da kansu suna riƙe sakamakon ɗalibai masu yawa kowace shekara saboda zargin maguɗi. Gaskiya ne kuma BAC jarrabawa ce mai ƙwari, ta rubutu da bayani, har da falsafa a ajin ƙarshe. Amma ƙwarin nan yana da kaifi biyu. A shekaru da dama waɗanda suka ci BAC a Nijar ba su kai rabin waɗanda suka zauna ba. Maimaita aji da korar wanda makinsa ya yi ƙasa abu ne da kuka saba gani, ga yajin aikin malamai da ke cinye makonni. A ɗaya gefen, makarantun kimiyya na jihohin Kano da Katsina da kwalejojin gwamnatin tarayya sun fitar da likitocin da yau suke riƙe da manyan asibitoci. Tambayar "wace ƙasa ce ta fi karatu" ba ta da amsar da za ta amfane ki. Wadda za ta amfane ki ita ce: wace makaranta ce a Katsina, da sunanta, yara nawa ne a aji, akwai malamin fiziks da ɗakin gwaje-gwaje ko babu, sannan a ajiye ta kusa da lisen da za ta shiga a Maraɗi a gwada.

Burinta na likitanci yana da hanya ta kowane gefe. A Nijar sai ta samu shiga ɓangaren kimiyya a lise, ta ci BAC na rukunin D ko C da maki mai kyau, sannan ta nemi sashen kiwon lafiya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maraɗi, ko ta Damagaram. BAC kuma tana buɗe ƙofar jami'o'in ƙasashe irin su Senegal da Maroko da Aljeriya. A Najeriya jami'o'i sun fi yawa nesa ba kusa ba, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, amma masu neman gurbin likitanci sun ninka guraben sau da yawa, sai mai babban maki a JAMB. Can ma akwai nasu ciwon, a 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 suna yajin aiki. Abin da babanta yake da shi a hannu wanda ya kamata ki yarda da shi: tsarin mulkin Najeriya ya ɗauki 'yar ɗan Najeriya a matsayin 'yar ƙasa ko a ina aka haife ta, kuma takardar shaidar ƙaramar hukumarsa za ta taimaka mata wajen gurbi da tallafin karatu na jiha. Wannan gado ne nata, kada fushin da ya wuce ya sa a bar shi ya lalace.

Yanzu mu zo kan mutanen, don a nan ainihin maganar take. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana aiko kuɗi ba fashi, 'yarsa tana girma a wata ƙasa, tana karatu da harshen da ba ya ji, ko takardar sakamakonta ba ya iya karantawa, ina kyautata zaton ba WAEC kaɗai ke ransa ba. Yana ganin ta zama budurwa, 'yan shekaru kaɗan masu neman aure za su fara sallama, ita kuwa ba ta san ƙannenta na Katsina ba, ba ta san goggonninta ba. Yana so ya zama uba da gaske kafin lokaci ya ƙure. Wannan buƙata ce mai kyau, ko da ya faɗe ta da muryar umarni. A mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon 'ya mace yana hannun uwa har ta yi aure matuƙar uwar ba ta auri wani bare ba, uba kuma yana da ciyarwa da sa ido a kan tarbiyya da karatu. Ki san wannan don zuciyarki ta natsu, amma kada ki buɗe magana da shi. Ranar da aka fara jawo hukunci da alƙali, yarinyar ce za ta biya.

Ke ma ki tambayi kanki tambaya ɗaya, ke kaɗai, ba sai kin gaya wa kowa amsar ba. In da makarantar Katsinan ta fi kowacce kyau, matar uban kuma mutuniyar kirki ce, za ki iya sakinta? In amsar a'a ce, ba abin kunya ba ne, ita kaɗai gare ki, ita ce hirarki da dare. Amma ki raba wannan da maganar karatu, domin babanta zai ji ƙamshinsa a muryarki, ya ɗauka duk hujjojinki na BEPC dabara ce ta hana shi 'yarsa. Matar uban kuma kada ki yanke mata hukunci tun ba ki gan ta ba. Ita ma wataƙila ba a yi shawara da ita ba, an dai ce mata za a kawo budurwa 'yar shekara 14. Ki kira ta ki gaishe ta, ki aika mata da ɗan tsaraba. In yarinyar za ta zauna can wata rana, hannun matar nan ne zai ba ta abinci, kuma ita za ta yanke ko yarinyar ta samu lokacin bitar karatu da yamma ko wanke-wanke da raino su cinye shi.

Maganar da babanta kada ta kasance ta waya, ke da shi, kowa na ɗaga murya. Ki nemi babba ɗaya daga gefensa wanda yake jin nauyinsa, yayarsa ko kawunsa, da babba ɗaya daga gefenki, amma ba yayan nan naki da ya riga ya ɗaura ɗamarar faɗa ba. Ki fara da godiya a kan ɗawainiyarsa, da gaske, a gaban mutane. Kada kalmar "ban yarda ba" ta fito daga bakinki. Ki ce kin amince yarinyar ta san gidan ubanta, kin amince ta koyi Turanci, abin da kike roƙo shekara guda ce don kada wahalar shekara tara da kuɗin da shi kansa ya kashe su tafi ba takarda. Ki rubuta masa lissafin nan na shekara 4 a takarda. Ɗan kasuwa ne, ya san bambancin sayar da kaya cikin gaggawa da jira kwana kaɗan a samu riba. Sannan ki ba shi aiki a cikin shirin, don ya ji hannunsa na ciki: shi zai biya malamin Turanci a Maraɗi, sau uku ko huɗu a mako, kuma ba a rasa waɗanda suka yi karatu a Najeriya a garinku. Shi zai sayo littattafan JSS3 na Turanci da lissafi da kimiyya, da tambayoyin BECE na shekarun baya, waɗanda ake samu a shagunan littattafai na Katsina. Shi zai zaga makarantu biyu ko uku ya tambayi shugabanninsu da wace takarda suke karɓar ɗalibar da ta zo da BEPC, da irin gwajin da za su yi mata. Duk hutu kuma ta je Katsina, har da ragowar wannan, bayan an tsayar da ranar dawowarta a gaban manyan nan biyu.

Takardu ku fara su tun yanzu, domin su ne ke ba mutane kuka a ƙarshe. Ki ɗauko takardar haihuwarta ki duba yadda aka rubuta sunanta da na babanta. A Maraɗi za a rubuta Aboubacar ko Ousmane, a Katsina Abubakar ko Usman. In takardar haihuwa ta ce wannan, lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa a Najeriya ta ce wancan, ranar rajistar JAMB za a sha wahala, domin ba a yin rajistar sai da NIN, kuma sunan da ranar haihuwar da ke kanta su ne ke bin ɗalibi. Ku zaɓi rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, ta gaskiya, kada wani ya ba ku shawarar rage mata shekaru. Ki adana takardun sakamakonta na kowace shekara tun daga 6e, masu hatimin makaranta, a yi musu kwafi, in lokaci ya yi a fassara su a wurin da hukuma ta yarda da shi.

Hanya ma ku sa ta a lissafi. Maraɗi da Katsina kusa suke, ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Amma kin ga an rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka fara buɗe wasu, an sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma yankin yana fama da 'yan bindiga ta gefen biyu. In ana maganar makarantar kwana, ki tambayi inda take da irin tsaron da ke gare ta. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 ba uwar da za a ga laifinta don ta yi wannan tambayar. Ni da za a bi tawa, makarantar jeka-ka-dawo a cikin birnin Katsina ta fi mini kwanciyar rai a shekarar farko.

Ita kuma yarinyar, kada ki sake tambayarta "wanne kike so", domin a kunnenta tambayar tana nufin "wa kika fi so, ni ko babanki". Ki zauna da ita lokacin kitso ko tsintar shinkafa, ki gaya mata a fili cewa ba za ki yi fushi ba in ta so Katsina, babanta ma ba zai daina sonta ba in ta so Maraɗi. Ki nuna mata lissafin shekarun, mai son lissafi ce, za ta gane shi kafin ki gama. In ta kasa buɗe miki ciki, ki sa wata ƙanwarki ko malamarta da ta yarda da ita ta ji ta bakinta. Wataƙila abin da ke damunta ƙawayenta ne, ko tsoron a yi mata dariyar Turanci, ko kuma tana son tafiyar ne tana jin nauyin barin ki ke kaɗai. In rashin cin abincin ya ci gaba bayan an yi wannan, ko barci ya ƙaurace mata, ki kai ta asibiti a duba ta.

In duk an yi wannan babanta ya kafe sai bana, manya kuma suka goya masa baya, to kada ki tsaya ja-in-ja har a ɗauke ta cikin fushi. Ki koma neman sharuɗɗa: ta shiga JSS3, ba SS1 ba, a ɗaukar mata malamin Turanci tun makon farko, a ba ta waya ko lokacin da za ku riƙa magana, duk hutu ta zo Maraɗi, kuma a ƙarshen zango na biyu a zauna a duba sakamakonta da jikinta, in abin bai karɓe ta ba ta dawo ta yi 3e. Kafin ta tafi ki je wurin shugaban kwalejinsu ki karɓi takardar shaidar cewa ta gama 4e ta wuce 3e, ki tambaye shi yadda za a mayar da ita in ta dawo. In kuwa bayan BEPC ita da kanta ta zaɓi ta zauna har BAC, ƙofar Najeriya ba ta rufe ba: WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu, wadda ba sai ɗalibi yana cikin makaranta ba, kuma mai BAC ta kimiyya da ta yi shekara huɗu tana gina Turancinta za ta iya zama ta nemi kiredit ɗinta biyar. Ki gaya wa babanta wannan ma a zaman, don ya san jiran ba ya nufin ya rasa abin da yake so. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya ba ta sa'ar jarrabawa. Ki rubuto mini bayan zaman in ji yadda kuka ƙare.